Yadda Baba Ya Daina Shan Ruwa

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke saukar da ciwo, Shi ke ɗauke shi. Na daɗe ina juya wannan magana kafin in rubuta, domin ba irin wadda 'ya take faɗa game da mahaifinta ba ce. Amma gidajen da ke da tsoho a ƙauyukanmu ba su ƙirguwa, kuma duk kunya iri ɗaya muka gada. Na ajiye tawa gefe guda, ko wani zai tsira da nasa tsohon.

Sunana Talatu, ni ce auta a wurin Baba. Ina koyarwa a firamaren garinmu, wani ƙauye tsakanin Bici da Shanono, kuma a nan cikin gari nake aure, don haka kullum ni ke kai wa Baba fura. Babbanmu Yaya Haladu ne, ɗan fari, yana sayen hatsi a kasuwannin ƙauye ya kai kasuwar Dawanau a Kano. Wanda ya san ƙasarmu ya san yadda uba yake da ɗan farinsa. Yaya ya yi furfura, amma ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya da Baba ba. In Baba zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan." Inna ce kaɗai Baba yake iya ce wa ga inda ke masa ciwo, ita ce kuma mai wanke masa kaya. Tun da ta rasu bai sake samun wanda zai gaya wa ba.

Cikin bazara abin ya fara. Baba dama yana azumin Litinin da Alhamis, sai ya mayar da shi kullum, a wannan zafin da ko kaza ba ta fita rana. In na kai fura da hantsi ya ce yana azumi. In na koma da magariba ya yi kurɓi ɗaya ya ture kwanon. Gari ya ɗauka da yabo. Mata in sun haɗu da ni a gidan suna sai su ce, "Talatu, kun yi dacen uba, Malam Sule ya fara shirin gamuwa da Ubangiji." Ni kuwa yabon nan ba ya shiga kunnena, domin a daidai lokacin ne ya daina zuwa masallaci, mutumin da ladan ma yakan tarar da shi a sahun gaba. Ya ce ƙafa ce. Amma da wannan ƙafar na gan shi ya ja bokiti zuwa bayan rumbu yana wanke wandonsa da kansa. Na ce ya kawo in wanke, ya ce, "Ke, wuce makarantarki." Ga turare da ya fara zubawa kamar ango.

Na sami Yaya na ce, "Wanda ya ƙara azumi ba ya rage masallaci. Akwai wani abu."

Ya ce, "Tsufa ne, Talatu. Ke komai sai kin sa masa ido."

Wannan kalma ta tsufa, har yau in na ji ta raina ɓaci yake. Da ita aka rufe mini baki wata da watanni.

A lokacin Kabiru yana gida. Shi ne babban ɗan Yaya, yana jami'a a Kano, malamansu sun tafi yajin aiki. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙage ba, amma irin ladabin da ake yi daga bakin ƙofa. Zai leƙa ɗakin Baba da igiyar waya a kunne, ya ce "Ina kwana," kafin a amsa ya juya. Baba kuwa, kamar kowane kaka, yana son tsokanar jikansa. Ya ce, "Ragon birni, shigo mana, ba na cizo, haƙoran sun ƙare." Kabiru ya yi murmushi ya wuce. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Gwaggo, ɗakin nan fa wari yake. Kuma labarinsa ɗaya ne kullum, shekarar yunwa da jakinsa." Na ce masa Allah Ya ba shi tsawon rai ya ji nasa warin.

Da ruwan farko ya sauka, zazzaɓi ya kayar da Baba. Rawar sanyi, sambatu, har ya fara kirana da sunan Inna. Makon farko mai kyamis ya zo ya yi masa allurar maleriya. Mako na biyu ya ce taifot ne, ya canza allura. Dangi suka cika gida, kowa da likitancinsa. Ƙanwar Baba ta kawo saiwa a jiƙa, wani ya kawo hayaƙi, liman ya aiko da rubutu. Baba ya dantse baki ya ƙi sha, har rubutun. To nan fa aka ce ai iska ce, in ba haka ba wane Musulmi zai ƙi rubutu. Kabiru ma ya kawo tasa gudummawar. Ya ce, "Na duba a waya. Ciwon mantuwa ne, duk tsofaffi haka suke ƙarewa, kuma ba shi da magani. Kai shi asibiti wahalar da shi ne kawai." Wani dattijo ya ɗora da cewa a bar bawan Allah ya cika a ɗakinsa.

Ranar na tayar da rigima. Na ce in ba za a kai shi ba, zan ɗauko mota da albashina in kai shi ni kaɗai, gari ya ji cewa mace ce ta ɗauki ubanta alhali ɗansa namiji yana raye. Da safe Yaya ya kawo mota.

A asibitin ƙaramar hukuma muka yanki kati tun da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Likitan matashi ne, a gajiye yake, kuma ya riƙa yi wa Yaya tambayoyi kamar shi ne marar lafiyar. Daga ƙarshe ya juya ya ce, "Baba, ina ke maka ciwo?" Baba ya dubi Yaya, ya dube ni, ya ce, "Alhamdulillahi." Likita ya ce, "Fitsari fa, kana yi ba matsala?" Yaya ya ɗaga kai yana kallon silin, ni na fice waje. Daga bakin ƙofa na ji Baba ya ce, "Lafiya lau." Aka ɗaura masa ruwa, aka ci gaba da maganin zazzaɓi. Ya kwana biyu a nan ƙafafunsa suka kumbura, aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano.

A can ne muka ci karo da dokar da ba mu zata ba. Ɗakin maza ne, mata ba sa kwana, da yamma ake sallamarmu. Yaya kuwa ko rigar Baba ba zai iya cire masa ba. Sauran jikokin mata ne da ƙananan yara. Duk muka juya muka dubi Kabiru.

Ya ce, "Gwaggo, ni fa ban iya jinya ba."

Na ce, "Mu ma ba da ita aka haife mu ba."

Kwanakin farko a bencin waje yake wuni yana latsa waya, sai an kira shi. Ina kwana gidan wata 'yar'uwar mijina, in zo da kunu da safe in tarar ba a ko gyara wa Baba shimfiɗa ba. Na yi ta cizon yatsa. Sai wata safiya na tarar da shi tsaye a bakin ƙofar ɗakin yana jirana, idanunsa jajur. Ya ja ni gefe ya ce ya raka Baba bayi, ya tsaya a waje har ya gaji, sai ya ji nishi, ya tura ƙofa. Baba ya ce masa, "Ragon birni, rufe ƙofar. Tunda ka gani, ka gani. Wannan ba maganar ubanka ba ce, ba ta gwaggonka ba."

Tun daminar bara, in ji Baba, fitsari ya daina fita masa sai ɗigo-ɗigo, marar a cike kamar za ta fashe, sannan ya riƙa zubo masa a wando ba da saninsa ba. Ya bar masallaci don kada ya tsaya a sahu da najasa. Ya ga in ya sha ruwa abin ƙaruwa yake, sai ya daina sha, ya fake da azumi don kada a matsa masa. Rubutun ma ruwa ne, shi ya sa ya ƙi.

Kabiru ya ce, "Gwaggo, bai manta komai ba. Har ranar da abin ya fara ya gaya mini." Ya ce ya nemi izininsa ya sanar da likita, Baba ya ce, "Kai ka sani. Ai kai jika ne, ba kunya gare ka ba."

Da Kabiru ya gaya wa likitar da ke duba Baba, ta danna mararsa, ta aika a yi hoto da gwajin jini. Da sakamako ya fito ta kira mu, ta faɗi maganar da ba za ta bar kaina ba: "Wannan ba tsufa ba ne, hanya ce ta toshe. Fitsarin ya rasa wajen fita, ya koma ya danne ƙoda. Da tun farko aka zo, da abin bai kai nan ba." Aka sa masa robar fitsari mai jaka. Cikin 'yan kwanaki hankalinsa ya dawo. Ya kira ni da sunana, ya tambaya ko an yi wa gonar bayan gari noman farko.

Wannan likita Allah Ya saka mata da alheri, ita da wani ma'aikacin jinya da ke lallashin Baba da zolaya. Amma ba zan ɓoye ba, mun sha wuya. Komai sai ka saya, har safar hannun da za a taɓa marar lafiyarka da ita. Ka bi layin biya, ka bi layin magani, a ce babu, ka fita waje. Gwaji guda sai da muka maimaita saboda an rasa inda aka ajiye sakamakon. Geron da Yaya ya ajiye don cin gida da tumakin da Inna ta bari, duk a nan suka tafi.

Wani abu kuma da ya fi layin ci mini rai shi ne zagayen ɗalibai. Su zo garke guda da fararen riguna, su kewaye gado suna Turanci a kan mutum kamar buhu aka ajiye. Ran nan wani ya kai hannu zai yaye zanen da aka rufa wa Baba, ko sallama babu. Kabiru ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, ku gaishe shi tukuna. Yana jin ku." Bayan sun watse wata yarinya a cikinsu ta dawo ta durƙusa ta gaida Baba. Baba ya ce da Kabiru, "Ka gani, na yi amarya kana zaune."

Damuwar Baba ta gaba salla ce. Ya ce yaya zai fuskanci alƙibla da jakar fitsari a rataye a jikinsa. Kabiru ya je ya sami limamin masallacin asibitin, ya dawo ya ce lalura ce, sallarsa ta yi. Baba ya sa ya maimaita masa, sannan ya nemi a juya shi gabas.

Abokan Kabiru biyu suka zo dubiya, Bello da Mustafa. Don Kabiru suka zo, ba don tsoho ba, suka tsaya can nesa da gado suna taɓa hanci. Baba ya ce, "Waɗannan ma ragwayen ne? Ku matso, wanda ya kayar da ni ya ɗauki amaryar." Suka yi dariya suka matso. Mustafa, iyayensa mutanen Barno ne da suka daɗe a Kano, ya ce shi bai taɓa ganin kakansa ba. Baba ya ce, "To ga na aro, ka lallaɓa shi." Kashegari suka dawo ba wanda ya kira su. Na sha tarar da su ukun a bakin gado, wayoyi a aljihu, Baba yana ba su labarin shekarar yunwa, yadda ya kora jaki har ƙetaren iyaka neman dawa, da waɗanda ya binne a hanya. Kabiru ya ce mini ashe bai taɓa jin ƙarshen labarin ba.

Likita ta ce dole Baba ya riƙa shan ruwa. Nan muka gane inda matsalar take. In ya sha, jaka za ta cika, sai an zubar, sai an goge masa jiki, shi kuwa hannunsa rawa yake, ba ya iya tashi. Daga hannun Kabiru zai sha, daga hannun Bello da Mustafa zai sha. In ni ce ko Yaya, sai ya ce ba ya jin ƙishi. Ma'aikaciyar jinya mace ma bai yarda ta taɓa jakar ba, ya ce sa'ar 'yarsa ce.

Ana cikin haka aka janye yajin aiki, aka ce jarrabawa ta matso. Muddin muna Kano, yaran nan suka raba wunin a tsakaninsu, wannan ya fito daga aji ya karɓi wancan. Ban san da me zan biya su ba. Amma sallama ta zo. Likita ta ce mu tafi da robar, ƙodar ta yi rauni, aikin tiyata sai in ya yi ƙarfi, kuma kada ya yi wasa da ruwa. Muka dawo ƙauye, inda babu Bello, babu Mustafa.

Kabiru ya ce zai ajiye karatun bana. Na san irin wahalar da Yaya ya sha kafin yaron nan ya shiga jami'a. Ni kuwa, gaskiya, so nake ya zauna. Ubana nake ji, kuma na san in ya tafi Baba zai koma dantse baki. Ashe duk shawarar da muke yi a tsakar gida Baba yana ji.

Da safe ina ɗakin na kawo koko, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa, Baba ya ce, "Ragon birni, ɗauki jakarka ka koma makaranta."

Kabiru ya ce, "Ba inda za ni. In na tafi ba za ka sha ba."

"Zan sha."

"Wa zai zubar?"

Baba ya nuna bakin ƙofa da haɓa, ba tare da ya duba ba, ya ce, "Nuna wa yaron nan yadda ake yi."

Yaya ya cire takalmi ya shigo, ya durƙusa a gefen gado. Kabiru ya nuna wa mahaifinsa inda ake buɗewa, da yadda ake riƙe robar kada ta ja, da yadda ake goge wajen. Baba ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Ban iya tsayawa ba, na fita bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Da azahar Kabiru ya hau mota.

Baba ya cika alkawari. Yaya ya daina zuwa Dawanau, ya tare a ƙofar ɗakin. In ya miƙa kofi, Baba ya karɓa ya shanye yana kallon bango. Ban taɓa jin sun yi hira ba, amma ban sake ganin an dawo da kofi a cike ba. Kabiru yana kira kullum, a sa wa Baba waya a kunne su yi ta zagin juna, Mustafa ya karɓa shi ma ya sha nasa rabon. Makonni kaɗan muka samu na sauƙi. Sai ƙafafun suka sake kumbura, amai ya zo, abinci ya daina zama. Muka koma Kano aka canza roba, likita ta yi maganar wankin ƙoda, Baba ya ce a mai da shi gida. A mota ya ce da ni, "In ajali ya zo ragon birni yana jarrabawa, kada a tashe shi."

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In tsohonku ya canza hali, kada ku ce tsufa ne ku juya. In ya daina sha, in ya fara ɓoye wankinsa, in ya janye daga jam'i, akwai dalili. In kun kai shi gaban likita, ku 'ya'yansa ku fita ku ba shi wuri, don ba zai faɗa a gabanku ba ko zai mutu. Ku kuma 'yan makaranta, ku shiga ɗakin ku zauna. Akwai maganar da ku kaɗai aka yarda ku ji, kuma namu jikan yana gida tun bazara.

Baba ya cika da hantsi, gero ya fara fitar da kai. Kabiru yana ɗakin jarrabawa, Yaya ya hana a kira shi sai ya fito. Kafin azahar an kai Baba makwancinsa. Bayan la'asar suka iso su uku, Kabiru da Bello da Mustafa, ko jaka babu a hannunsu. Kabiru bai tsaya wajen masu gaisuwa ba, ya shigo cikin gida ya same ni a ƙofar ɗakin Baba. Na zaci zai yi faɗa don ba a kira shi ba. Ya leƙa ɗakin, ya ga an naɗe shimfiɗa.

Ya ce, "Gwaggo, ya sha ruwa?"

Na ce, "Ya sha."

"Wa ya ba shi?"

Na ce, "Babanka."

Ya gyaɗa kai, ya fita zaure, ya ratsa mutane ya zauna a kan tabarmar Yaya.